Yadda Ake Tantance Safaya Kafin a Biya Kuɗi

Duk wanda ya shigo harkar duwatsu masu daraja a Jos, abin da ya fara nema ya sani shi ne farashi: nawa giram yake, nawa dillali ke ci, wane launi masu saye daga Bankok suke so a bana. Ni kuwa idan aka kawo min yaro koyon sana'a, ba na barin sa ya yi maganar kuɗi sai ya iya amsa tambaya uku a kan kowane dutse da na ɗora masa a tafin hannu, kuma a jere. Wane dutse ne wannan? Daga ƙasa ya fito ko daga masana'anta? Bayan fitowarsa, an taɓa shi da wuta ko da wani sinadari? Kowace tambaya da kayan aikinta, kuma amsar ta farko ba ta ɗauke maka ta biyu. Yawancin asarar da na gani a kasuwar nan daga wurin nan take fitowa. Mutum ya gwada ya tabbatar safaya ce, sai ya ɗauka aiki ya ƙare, ya zaro kuɗi.

Da safaya zan yi bayanin, domin ita ce ke ja wa mutanenmu babbar riba da babbar asara. Tana fitowa a tsaunin Mambila na jihar Taraba, wajen Nguroje, inda aka yi ta tururuwa a 2014 da aka samu mai shuɗi garau wadda ta ja hankalin masu bincike na duniya. Tana kuma fitowa a kudancin Kaduna, yankin Jama'a, galibi mai duhu, wata da sirkin kore.

Kayan aikin da nake so ka mallaka ba su da yawa. Madubin hannu mai ƙara girman abu sau 10, wanda 'yan kasuwa ke kira lup. Ƙaramar tocila mai farin haske. Sikeli mai auna giram har zuwa 0.01, in da hali 0.001. Hantsaki, farin kofi, siririn zare, audugar kunne, da ɗan asiton irin wanda mata ke goge jan farce da shi. Shi ke nan a matakin farko. Biron gwajin daimon da samari ke yawo da shi a aljihu kuwa, ka bar kuɗinka. Zafi yake aunawa, kuma safayar masana'anta da ta ƙasa duk amsa ɗaya suke ba shi.

Kafin komai, ka wanke dutsen. Ɗanyen dutse yakan zo da jar ƙasa a jiki, wani lokaci ƙasar ramin ce, wani lokaci kuma shafa ta aka yi don ta rufe abin da ba a so ka gani. Ka wanke da ruwa da tsohon burushin haƙori, sannan ka jiƙa auduga da asiton ka goga a lungunan da suka tsage. In audugar ta ɗauko shuɗi, tawada ce ko fenti, magana ta ƙare. Kuma kada ka yarda ka duba dutse da daddare, ko a ƙarƙashin tocilar mai kaya, ko a kan takarda mai launi. Hasken tocila da yawa yana da shuɗi a cikinsa, yana ƙara wa dutse kyan da ba nasa ba. Ka fita waje da hantsi, ka tsaya a inuwa, ka ɗora shi a kan farar takarda.

To, wane dutse ne? A nan mutane suka fi dogara da karce. Za ka ga an ɗauko fasasshiyar kwalba an ja dutse a kai, ya bar layi, a ce ai ka gani. Wannan bai nuna komai ba. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda aka kafa tun 1812, gilashi yana wajen 5.5, farin dutsen kwaz 7, tofas 8, safaya 9, daimon 10. Ke nan tsakuwar kwaz da ke zube a kowane rafi ma tana karce kwalba. Dutsen da aka riga aka yanka aka goge kuwa, kada ma ka kusance shi da gwajin karce, ɓata shi za ka yi.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne awon ruwa, kuma ina mamakin yadda 'yan kasuwa kaɗan ne ke yin sa, alhali ba ya cin ko sisi. Kowane irin dutse yana da nauyinsa idan aka gwada shi da ruwa mai girmansa. Ka auna dutsen a bushe, ka rubuta. Ka ɗora kofi da ruwa a kan sikeli, ka danna ya koma sifili. Ka ɗaure dutsen da zare, ka sauke shi a hankali har ya nutse duka, amma yana rataye, bai taɓa gindin kofin ko gefensa ba. Lambar da sikelin ya nuna ita ce nauyin ruwan da dutsen ya ture. Sai ka raba nauyin farko da wannan lambar. Misali dutse ya yi giram 2.40 a bushe. In a ruwa ya nuna 0.60, ka samu 4.0, wato gidan safaya da yaƙutu. In ya nuna 0.68, ka samu wajen 3.5, wannan tofas ne ko sifinel, sai a ƙara bincike. In ya nuna 0.96, ka samu 2.5, kwalba ce kake riƙe da ita. Sauran lambobin da ya kamata su zauna maka a ka: kwaz 2.65, akwamarin wajen 2.7, tomalin wajen 3.06, zirkon har 4.7. Ka lura da ƙananan kumfa da ke manne wa dutse ko zare, suna ɓata lissafi, sai ka girgiza su su tashi. Dutsen da bai kai giram ɗaya ba, sikeli mai 0.01 ba zai ba ka amsar da za ka dogara da ita ba.

Akwai gilashi mai dalma da yawa wanda nauyinsa kan kusanci na safaya, don haka nake haɗawa da gwaji na biyu. Safaya tana raba hasken da ya shige ta gida biyu, gilashi da sifinel ba sa yi. Ka buɗe farin shafi a fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka, ka ɗauki baƙin tabarau mai tace ƙyalli irin na direbobi, ka riƙa juya shi har fuskar ta koma baƙa. Ka sa dutsen tsakanin su biyun, ka juya shi zagaye ɗaya. Safaya za ta yi haske ta yi duhu sau huɗu. Kwalba za ta zauna da duhunta, ko ta nuna wasu baƙaƙen layuka masu murɗewa. Ka gwada ta fuska biyu ko uku, domin akwai fuska guda da ita ma safayar ke zama da duhu. Da ido ma za ka iya ganin alamar wannan rabuwar haske: ɗanyar safaya in ka leƙa ta daga kai shuɗinta ya fi tsabta, in ka kwantar da ita ka duba ta gefe sai ya karkata zuwa kore. Mai yanka da wannan yake zaɓar inda fuskar dutse za ta kalla, kuma shi ya sa dutse mai faɗi ta gefen kore ba ya kai kuɗin ɗan'uwansa ko da nauyinsu ɗaya. Wanda ya samu halin sayen rifraktomita, wato na'urar da ke auna yadda dutse ke lanƙwasa haske, safaya tana karanta 1.76 zuwa 1.77, amma sai dutsen yana da gogaggiyar fuska.

Yanzu ka tabbatar safaya ce. A nan ne aikin gaske ya fara.

Tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Auguste Verneuil ya bayyana hanyar haɗa yaƙutu a ɗakin gwaji. Ana zubo garin alumina, sinadarin da shi ne asalin jikin yaƙutu da safaya, ta cikin harshen wuta mai zafin da ya wuce digiri 2000, ya narke, ya riƙa ɗiga yana daskarewa har ya zama dunƙule mai tsawo. In aka sa sinadarin kuromiyam ya fito ja, wato yaƙutu, in aka sa ƙarfe da taitaniyam ya fito shuɗi, wato safaya. Abin da nake so ka gane shi ne, wannan ba kwalba ba ce. Sinadarinta ɗaya da na ƙasa, taurinta 9, awon ruwanta 4.0, tana haske da duhu sau huɗu. Duk gwajin da muka yi a sama za ta ci shi. Amma ana yin ta da yawa har ana sayar da ita da kilo, gilashin agogo mai tsada ma da irinta ake yi. Kama da wane dai ba ta wane.

Masu ha'inci sun san ba wanda zai sayi dunƙulen yadda yake. Sai su fasa shi da guduma, su zuba gutsattsarin a injin juyawa da yashi har kaifinsu ya mutu, su shafe su da laka, su kai su har bakin rami. Wannan ba a Najeriya kaɗai ake yi ba, an san shi a Madagaska da Siri Lanka da duk inda ake haƙar dutse. Wani lokaci shi kansa mai haƙar bai sani ba, sayar masa aka yi ya cuɗa a cikin kayansa. Saboda haka «ai a bakin rami na saya, da laka a jikin mutumin» ba hujja ba ce ko kaɗan. Kuma ba a tsakiyar duwatsu marasa kyau ake ɓoye shi don ya ɓace ba, a'a, shi ne ake mayarwa sarkin ƙunshin, wanda zai sa ka sayi sauran duka.

Ga yadda ake kama shi. Ka zuba ruwa ko man shafawar jarirai a farin kofi na roba, ka tsoma dutsen, ka haska tocila daga ƙasan kofin don hasken ya bazu. Man yana kashe ƙyallin fatar dutse, sai cikinsa ya buɗe. Ka kama shi da hantsaki kana juyawa sannu a hankali, kana duba yadda launi ya kwanta. A dutsen ƙasa shuɗin yana zuwa ne a miƙaƙƙun layuka, masu karyewa a kusurwa mai kaifi, suna bin siffa mai gefe shida da dutsen ya girma da ita. A ɗan masana'anta irin na Verneuil layukan lanƙwasassu ne, ɗaya a bayan ɗaya kamar yankakkiyar albasa, domin a kan dunƙule mai zagaye suka daskare. Allah bai halicci safaya da lanƙwasasshen layi ba. In ka ga ko da guda, ajiye dutsen. Sai dai ba daga kowace fuska ake ganin su ba, kana iya juya dutse na tsawon lokaci kafin su bayyana, kuma a nan ne gaggawa ke kayar da mutane. In mai kaya yana azalzalar ka, wai akwai wani mai saye yana jira, ka miƙa masa abinsa.

Bayan layuka, sai ka ɗauki lup ka haska dutsen daga gefe. Kumfar iska mai zagaye sumul, guda ɗaya ko tarin ƙanana kamar ƙura, alamar masana'anta ce ko kwalba. Dutsen ƙasa kuwa yana ɗauke da shaidar inda ya girma: siraran allurai na wani ma'adini da ake kira rutil da ke gicciye da juna ta fuska uku, ƙananan ƙwayoyin wasu ma'adinai masu kusurwa, da tabo mai kama da zanen yatsa inda tsohuwar tsaga ta warke. Sabon shiga yana ganin waɗannan a matsayin datti. Ni kuwa in na ga allurai lafiyayyu hankalina kwanciya yake yi. Dutsen da ke tayar min da hankali shi ne babba, mai launi ɗaya tas, wanda ba komai a cikinsa, kuma a farashi mai sauƙi. Fatar ɗanyen ma tana magana. Safayar Mambila da ta Kaduna duwatsun aman wuta ne suka ɗauko su daga zurfin ƙasa, don haka fatarsu kan zama kamar ta ɗan narke, wasu kuma har yanzu da siffar ganga mai gefe shida da ƙananan zane masu kusurwa uku a kai. Fasasshen dunƙule ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kada ka riƙe zanen yatsa shi kaɗai a matsayin hujja. Akwai wata hanyar haɗawa mai tsada, wadda ake narkar da sinadaran a tukunyar filatinam dutsen ya girma a hankali cikin watanni, kuma tana ba da miƙaƙƙun layuka da tabo mai kama da na ƙasa. Akwai kuma masu gasa ɗan Verneuil su tsoma shi a ruwa ya tsattsage, sannan su sake gasa shi tsagar ta warke ta bar tabo. Irin waɗannan sun fi zuwa a yankakken dutse, kuma in ka yi shakka, aikin ɗakin bincike ne.

Tambaya ta uku ita ce ta gyara. Tun shekarun 1970 masu gasa dutse na Tailan suka gano cewa wata farar safaya mai hazo ta Siri Lanka, wadda ake kira geuda kuma ba a ɗauke ta bakin komai ba, in aka gasa ta da zafi mai tsanani sai ta koma shuɗiya. Alluran rutil ne ke narkewa, taitaniyam ɗin da ke cikinsu ya shiga jikin dutsen ya haɗu da ƙarfe. Zafin kan kai digiri 1800. Yau mafi yawan safayar da ke kasuwar duniya gasasshiya ce, kuma kasuwa ta karɓe ta, ba laifi ba ne. Laifin shi ne ɓoyewa, domin mai kyau wadda ba a gasa ba ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma mun san abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa a kan mai algus. Da lup za ka iya ganin alamun babban gashi: allurai sun kakkarye sun zama ɗige-ɗige, ƙwayoyin ciki sun narke sun yi fari, kowace da 'yar tsaga mai zagaye kewaye da ita. Ƙaramin gashi kuwa ba ya barin abin da ido zai gani. Don haka ni ban taɓa yarda a rubuta «ba a gasa ba» a kan dutse da shaidar lup kaɗai ba.

Akwai gyaran da ya wuce gashi. Ana gasa farar safaya da aka yanka a cikin garin taitaniyam, shuɗi ya shiga fatarta kawai. In ka tsoma irinta a mai, za ka ga launin ya taru a kan gefunan yanka da kewayen dutsen, tsakiya kuwa fayau. A ƙarshen 2001 kuma wasu duwatsu masu ruwan lemo da sirkin hoda suka cika kasuwar Chanthaburi ta Tailan, manyan 'yan kasuwa suka yi ta saye, kafin a gano cewa wani sinadari mai suna beriliyam ake cusa musu a cikin wuta. Wani lokaci a ga launin ya yi zobe a bakin dutse, amma sau da yawa yana ratsa shi gaba ɗaya, ba abin da zai nuna sai injin da ke ƙona ɗan ɗigo da hasken leza ya ƙirga sinadaran. Cibiyar binciken duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, ta buga cikakken bincike a kai a 2003. Daga 2004 kuma sai ga yaƙutu mai cikon gilashin dalma: jan dutse ne mai tsaga ta ko'ina, a cika tsagar da narkakken gilashi ya koma kamar garau. Shi wannan lup na kama shi. Za ka ga walƙiya mai shuɗi ko ruwan lemo tana gilmawa a cikin tsaga in ka juya shi, ga kumfa a kwance. Ruwan lemon tsami ma yana cin gilashin ya bar farin layi. Shi ne ke yawo a zobban azurfa da ake sayarwa da sunan yaƙutu, kuma ina jin takaici in na ga dattijo ya biya kuɗi mai yawa a kansa.

Sauran duwatsunmu ma da tambayoyin nan uku ake bin su. Akwamarin na Nasarawa Eggon ana musanya shi da shuɗin tofas, wanda yawancinsa fari ne aka mayar shuɗi da tururin nukiliya da gashi, amma awon ruwa yana raba su nan take, 2.7 da 3.5. Zumurrudu ana ɗura masa mai ko ƙaro a tsaga. Tomalin mai shuɗi mai ƙuna kuwa, kowa na so ya kira nasa Paraiba. Sunan wata jiha ce a Burazil inda aka fara samun sa a ƙarshen shekarun 1980, daga baya aka samu irinsa a kudu maso yammacin Najeriya wajen 2001, sannan a Mozambik. Tagullar da ke cikinsa ce ke ba shi wannan launi da wannan kuɗi, kuma ba lup ko sikelin da zai nuna maka tagulla. In ba takardar ɗakin bincike, ka saye shi a farashin tomalin.

Dutsen da kuɗinsa ya kai ya girgiza maka jari, kada ka yi cinikin biri a sama. In ɗanye ne mai fata mai kauri, ka nemi a kai wa mai yanka ya goge 'yar taga a gefe guda don a leƙa ciki, ku yi yarjejeniya tun farko wa zai ɗauki asarar in ciniki bai faɗa ba. Ka tuna karat biyar ne giram ɗaya, kuma wajen yanka sau da yawa kashi ɗaya cikin uku ne ke tsira ko ƙasa da haka, da wannan za ka yi lissafin tayinka. In yankakke ne mai tsada, ɗakunan binciken da kasuwar duniya ke girmamawa sun haɗa da GIA, da Gübelin da SSEF na Suwizalan, da GRS, da Lotus na Bankok. Takardar ma ana buga ta jabu, ko a haɗa ta gaske da wani dutsen daban. Ka shiga shafin intanet na ɗakin da kanka, ba ta mahaɗin da mai kaya ya turo maka a WhatsApp ba, ka sa lambar takardar, sannan ka auna dutsen da ke hannunka ka ga ko nauyinsa da tsawonsa da faɗinsa sun yi daidai da abin da aka rubuta. In za a aika dutse gwaji bayan ciniki, a rubuta a takarda gaban shaidu biyu abin da mai kaya ya ce yana sayarwa, na ƙasa ne, an gasa ko ba a gasa ba, da cewa kuɗi zai dawo in sakamako ya saɓa. A ɗauki hoton dutsen a kan sikeli lambar tana nunawa, a rufe shi a ambulan, ku duka ku sa hannu a kan bakin.